Yadda ake haɗa amfilifaya da fedal na gita a wajen hafla

Yawancin yaran mu masu koyon gita a Kassala da Gadarif, in aka kira su hafla, wato wasan kiɗa na biki, abu na farko da suke yi shine su shimfiɗa fedaloli, ƙananan na'urorin canza sautin gita da ake takawa da ƙafa, a ƙasa su hau murɗe-murɗe, wuta kuwa duk soket ɗin da suka gani a kusa nan zasu cusa filogi. Baibai kenan. Tsarin da zan kawo daga wuta yake farawa, sai inda za'a ajiye amfilifaya, sai sautin gita ita kaɗai babu komai a kanta, bayan nan ne ake maganar fedal da mai saund, wato mai kula da miksa da lasifikun taron. In ka bi shi a jere wallahi ko da kayanka na gwanjo ne zasu yi maka aiki.

Toh mu fara da wuta, kuma anan zan daɗe don nan ne ake asarar kaya, wani lokacin ma har da rai.

Wutar Sudan bolt 230 ce, 50 haz. Kafin ka jona komai juya bayan amfilifayar ka karanta abinda aka rubuta kusa da inda wayar wuta take shiga. In kaga 220-240 ko 100-240 lafiya lau. In kaga 120 kawai kayan Amurka ne, in 100 ne na cikin gidan Japan ne, waɗannan sai da tiransifoma mai sauke wuta, ka jona su kai tsaye ko na daƙiƙa ɗaya ne in ka ci sa'a fiyus ne zai tafi, in baka ci ba sai dai wajen mai gyara. Kayan da 'yan'uwa suke turowa daga Jidda ko Riyad yawanci basu da matsala, su ma suna kan 230 duk da nasu 60 haz ne, amma ka duba dai, saboda can ɗin an daɗe ana amfani da 127 a tsofaffin gidaje kuma tsofaffin kayan suna nan suna yawo.

Yanzu kusan duk haflar da zaka je da inji, wato janareta, ake yinta, balle tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023 wutar gwamnati ta zama sai yadda ta ga dama. Ka nemi ƙaramar multimita ka saka a jakar gita, kuɗinta bai kai na fedal ɗaya ba. A tada inji a barshi ya yi minti biyu ko uku ya daidaita, a kunna fitilun siwan, wato rumfar taron, da duk abinda za'a kunna, sannan ka auna. Daga 207 zuwa 253 ana iya aiki. In lambar tana tsalle tana sauka tana hawa, ko kuma duk sanda firij ko injin ruwa ya tashi fitilu sun dushe, kada ka jona sai ta sitabilaiza. Ka roƙi masu gida layin da kayan kiɗa suke kai ya zama nasu su kaɗai, kada a haɗa shi da firij ko kula ko hita ta masu shayi. Kuma amfilifayarka da miksar mai saund su sha wuta daga wuri ɗaya, kada ɗaya tana kan inji ɗayar tana kan wayar da aka jawo daga gidan maƙwabci, wannan shi yake kawo gurnanin nan na hmmmm da baya tafiya duk yadda ka murɗa.

Sai maganar at, wato ƙafa ta uku ta filogi. Dan Allah kada ka cire ta. Na san akwai masu cewa in ka karya ta gurnani zai tafi, eh wani lokacin yana tafiya, amma ka sani igiyoyin gitarka a haɗe suke da ƙarfen jikin amfilifaya ta cikin kebul, in wuta ta zube a ciki kuma babu at, hanyar da zata bi ta sauka ƙasa kai ne. Mafi muni shine hannunka na kan igiya leɓenka ya taɓa makirufo. Haka Les Harvey, wani makaɗin gita ɗan Sikotlan, ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972, ya taɓa makirufon da ba'a yi wa at ba. Gwajin bashi da wuya: saka multimita a kan bolt na AC, tsinke ɗaya a kan igiyar gita ɗayan a kan ƙarfen kan makirufo, ya kamata kaga kusan sifiri. In kaga bolt da yawa a tsaya a nemo mai gyaran wuta, ba abun jarumta bane. Kuma kun san al'adarmu, kafin baƙi su zo sai an yayyafa ruwa a filin don ƙura ta kwanta, toh kada ka tsaya a kan jiƙaƙƙen yashi ba takalmi, saka mai ƙasan roba ko a shimfiɗa maka katako ko tabarmar leda mai kauri, mahaɗar wayoyi kuma a ɗaga su daga ƙasa. In zaka iya samun ekistenshin mai makarin nan da yake yanke wuta da kansa in ta zube, na miliam 30, saye shi kafin ka sayi wani fedal.

Mataki na biyu, inda zaka ajiye amfilifaya. Kada ka barta a ƙasa tana kallon ƙwaurinka. Sauti mai kaifi miƙe yake fita daga tsakiyar lasifika, in tana ƙasa kai bazaka ji shi ba sai ka dinga ƙara tirebul, wato kaifin sauti, da ƙara murya, alhali dattawan da suke zaune a layin gaba kunnensu ne yake shan wahala. Ɗora ta a kan kujera ko akwati, ko ka kishingiɗa ta baya kaɗan ta kalli kanka, tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu a bayanka ko a gefe. Kada ta fuskanci makirufon fannan, wato mawaƙin, in ba haka ba gitarka zata shiga makirufonsa mai saund kuma ya rasa yadda zai yi da kai. In a sala ne, wato zauren taro mai bango, janye ta daga kusurwa don kusurwa tana kumbura bes, wato sauti mai kauri. Bayanta kuma ya samu iska, musamman mai kwalba, wato mai aiki da kwalaben gilashi a ciki maimakon tiransisto, kada a jingina ta da zanen siwan.

Girmanta fa? Ba sai ka ɗauko dodo ba. In za'a saka mata makirufo, wat 40 ko 50 na tiransisto ya isa, mai kwalba kuwa wat 15 zuwa 20 ma tana ihu. Mutane suna zaton wat 100 ya ninka wat 50 a ƙara, ba haka bane, bambancin desibel 3 ne kacal, sai ka ninka wat sau goma kunne yake jin ƙara ta ninka. Irin su Peavey Bandit da Boss Katana da Roland JC duk suna aikin hafla, ita JC-120 tun 1975 ake yinta kuma a tsabtar sauti har yau da wuya a kada ta, nauyinta ne dai sai ka sha fama da mai raksha.

In kan amfilifayarka daban ne akwatin lasifika daban, akwai abu biyu da ba'a wasa dasu. Na ɗaya, om ɗin su dace: ramin da aka rubuta 8 ya tafi akwati mai 8, in kuma ka jera akwati biyu masu 8 a kan kai ɗaya yawanci sun koma 4 kenan, duba ko kan zai ɗauka. Na biyu, amfilifaya mai kwalba ba'a taɓa kunna ta babu lasifika a jone, tiransifomar cikinta ce zata ƙone kuma samun irinta a nan sai an aika waje. Kebul ɗin da yake zuwa lasifika shima daban yake da na gita duk da kawunansu iri ɗaya ne, na gita siriri ne a ciki da rigar kariya, na lasifika wayoyi biyu ne masu kauri. Ka musanya su, ɗaya zai yi zafi ɗayan zai kwaso maka duk wata ƙara ta unguwar. Ka naɗa musu salatif mai launi daban ka huta.

Wajen kunnawa: murya a sifiri, fedaloli su fara samun wuta, amfilifaya ce ta ƙarshe. Wajen kashewa ita ce ta farko. Mai kwalba in tana da maɓallin STANDBY ka barta kamar minti ɗaya ta ɗumama tukunna.

Mataki na uku, kuma shine wanda ake tsallakewa: gita kai tsaye cikin amfilifaya da kebul ɗaya, babu fedal ko guda. Ka fara gyara igiyoyi da tiyuna a kan 440, ka tambayi mai org, wato kibod, ko ya taɓa tiyunin ɗinsa ko ya yi tiransifos, don wasu suna sauke shi saboda muryar fannan su manta basu faɗa maka ba. Buɗe muryar gitar duka. A jikin amfilifaya saka BASS da MIDDLE da TREBLE duk a tsakiya, ribab, wato amsa-kuwwar ɗaki, a kashe, GAIN ƙasa-ƙasa, sai ka ɗaga MASTER har ya kai ƙarar da zaka yi wasa da ita da gaske. Wannan wajen yana da muhimmanci, domin kunne baya jin bes da tirebul sosai in murya tana ƙasa, shi yasa saitin da kayi a ɗaki da dare ya yi maka daɗi in ka ɗaga shi a fili sai kaji ƙasa ta yi gurnani sama kuma tana yanka kunne. Saitin ɗaki na ɗaki ne.

Daga nan rage bes. Ƙara ragewa. Igiyar da tafi kauri a gita haz 82 take, abinda yake ƙasa da haka ba naka bane, kuma ko wanda yake sama kaɗan da hakan mai bes da hannun hagun mai org sun riga sun cika wajen. Ƙungiya faranti ɗaya ce ta asida, kowa ya ci gabansa, kai gabanka midul ne, sautin tsakiya. Samari suna son su kwashe midul su ɗaga bes da tirebul saboda haka suka gani a bidiyon 'yan rok a YouTube, in kai kaɗai ne yana da daɗi, amma da zarar org da ganguna sun shigo sai ka ɓace ɓat, sai ka ƙara murya, mai org ma ya ƙara, fannan ya juyo yana harararku duka. In ba'a jinka, midul zaka ƙara, ba murya ba. Ni a nawa ra'ayin bes a 3 ko 4, midul a 6 ko 7, tirebul a 5, nan ne mafari mai kyau, sai ka gyara gwargwadon gitarka, mai siririn fikof, wato maganaɗisun da yake ɗaukar sautin igiya, irin Stratocaster zata so a rage mata kaifi, mai hambaka, wato fikof mai faɗi, zata so a ƙara.

Ka tuna kuma irin kiɗan da muke yi. Waƙar Sudan a kan sauti biyar take tafiya, aikin gita a ciki yawanci gajerun lazma ne da take amsa wa mawaƙi dasu, da kuma ɗan kaɗe-kaɗen da yake riƙe rawa. Ka saurari yadda gita take fita a wajen su ustaz Sharhabil Ahmed da 'yan jaz na zamaninsa, ƙwaya-ƙwaya take, kowane bugu ana jinsa. Wannan sai da tsabtataccen sauti. In tun anan bai yi daɗi ba babu fedal ɗin da zai gyara shi.

Mataki na huɗu, jera fedaloli. Daga gita: tiyuna, sai wah-wah in kana dashi, sai kwamfiresa, sai obadiraib ko distoshin masu sa sauti ya yi ƙura-ƙura, sai korus, sai dile wanda mu muke ce wa eko, sai ribab, sai amfilifaya. Dalilin jerin shine duk abinda yake gaba yana aiki ne a kan abinda na baya ya miƙo masa. In eko ya riga distoshin, maimaicin ma za'a murƙushe shi tare da sabon bugu sai komai ya cakuɗe, in kuma distoshin ya riga sai eko ya maimaita sautin da aka riga aka gama gyarawa, yana dushewa a hankali. Tiyuna a farko don ya samu sauti tsantsa, kuma yana yi maka aikin makashi, ka taka shi kayi shiru ka gyara igiya ba tare da duk siwan sun ji ba. Ka lura a yawancin fedal shiga ta dama take fita ta hagu, don haka jerin daga dama yake tafiya zuwa hagu.

In daga jikin amfilifayar kake samun distoshin ɗinka ba daga fedal ba, toh eko da ribab kada su shiga ta gaba. Duba bayanta akwai ramuka biyu, SEND da RETURN: kebul daga SEND zuwa shigar eko, daga fitar ribab kuma ya dawo RETURN. In a tsabtace kake barin amfilifayar manta da wannan, komai ya shiga ta gaba.

Wutar fedal kuma nan ma ana ƙona kaya ba gaira ba dalili. Mafi yawansu bolt 9 ne DC, kuma tsakiyar filogin negatif ne, akasin yawancin adaftocin rauta da risiba da suke gida waɗanda tsakiyarsu fozitif ne. Kan zai shiga daram, fedal ɗin kuma ya tafi kenan. Duba ɗan zanen da yake jikin adafta da wanda yake jikin fedal su zama iri ɗaya, kada kuma ka yarda da adaftar da aka rubuta AC a fitarta. Sannan ka lissafa miliam: obadiraib na analog ɗan kaɗan yake ci, sau da yawa bai kai 20 ba, amma eko ko ribab na dijital yana iya cin 100 har 300. Jimlarsu kada ta wuce abinda adafta take bayarwa. Wayar nan mai kawuna biyar da ake jan wuta daga adafta ɗaya tana aiki in duk analog ne, in ka cusa dijital a ciki sau da yawa zaka ji wani siririn kuka, maganinsa ka ware wa dijital ɗin tasa adaftar. Mai amfani da batir kuma ya cire jak daga shigar fedal in an tashi, in ka barshi a ciki batir ɗin ci yake ko fedal a kashe yake.

Kebul daga gita zuwa fedal na farko kada ya wuce mita 5 ko 6, in ya fi haka kaifin sauti yana raguwa. Fedalolin Boss suna da bafa a ciki, mai riƙe kaifin sauti a doguwar waya, da take aiki ko a kashe suke, guda ɗaya a layin yana taimakawa. Ka zagaya kebul ɗin ta cikin maɗaurin gita kafin ka cusa shi, saboda masu zuwa yin bushara a gaban fannan basa kallon ƙasa.

Yanzu saiti, ɗaya bayan ɗaya, sauran a kashe. Obadiraib: DRIVE ƙasa, kamar ƙarfe 9 in ka ɗauki maɓallin a matsayin agogo, LEVEL kuma ka daidaita shi yadda in ka taka ƙarar zata ɗan fi ta tsabtatacce kaɗan kawai. Taka, saki, taka, saki, har sai babu tsalle. Irin Tube Screamer na Ibanez da SD-1 na Boss dama da midul suke zuwa suna kuma rage bes, shi yasa suke dacewa da solo a cikin taro. Gen, wato DRIVE ɗin nan, mai yawa a ɗaki yana sa ka ji kamar ka iya, a fili kuwa yana cinye ƙwayar bugu ya jawo kuka. Duk inda ka saba sakawa a gida rage kashi ɗaya cikin uku.

Kwamfiresa kaɗan, don bugun da kake yi na rawa ya daidaita. In ka matse da yawa zai ɗago duk wani shuuu da yake layin a duk sanda ka tsaya. Korus shima kaɗan, RATE a hankali, DEPTH ƙasa da rabi, kuma in mai org ya saka sautin goge-gogen nan masu faɗi ka kashe naka gaba ɗaya don ruwan ya yi yawa.

Eko shine wanda muka fi so kuma shi muka fi ɓatawa. Abu uku ne a jikinsa: tsawon lokaci, yawan maimaici, da ƙarfin maimaicin. Maimaici biyu ko uku sun isa, ƙarfinsu kuma ya zama ƙasa da bugun asali sosai. Lokacin kuwa dole ya bi kiɗa. Lissafin shine 60000 a raba da gudun waƙar, in org yana kan 120 bugu ɗaya ya zama milisakan 500, rabinsa 250, wanda kuma yake ba da tsalle-tsallen nan mai daɗi 375 ne. Amma a hafla babu mai lokacin lissafi, kuma kiɗa irin mardum mai tafiya shida-shida in ka saka masa lambar da ka lissafa don waƙa mai huɗu-huɗu karo zasu dinga yi, don haka in zaka sayi eko sayi mai TAP, ka taka da ƙafa daidai inda mutane suke tafi shikenan. In babu TAP saka gajere, milisakan 100 zuwa 130 da maimaici ɗaya, wannan yana shiga kowace waƙa baya faɗa da kowa.

Ribab ya danganta da waje. A fili ko a hosh, wato tsakar gida, babu bangon da zai dawo da sauti, gita tana bushewa, sai ka ɗan ƙara. A sala mai tayil da rufin kwano ɗakin da kansa ribab ne, kashe naka ko ka barshi a 1. Kuma ka tambayi mai saund ko ya saka maka eko a miksa, da yawansu eko ɗaya suke zuba wa kowa da kowa har da mai sanarwa, ka roƙe shi da girmamawa ya cire a layinka.

Masu na'ura guda mai komai a ciki, irin Zoom G1X Four ko Boss GT-1 ko POD Go, duk abinda na faɗa ya shafe ku, da ƙarin abu ɗaya da yake rikita mutane. A ciki akwai kwaikwayon amfilifaya da kwaikwayon akwatin lasifika. In zaka shiga amfilifayar gita ta gaske kashe kwaikwayon akwatin, in ba haka ba sauti zai fito a toshe. In kuma miksa zaka shiga kai tsaye dole ka kunna shi, domin lasifikar gita bata fitar da abinda ya wuce haz 5000 sosai, ita ce take tace ƙaiƙayin distoshin, manyan lasifikun saund kuwa komai suke fitarwa, ba tace ba sai kaji zzzz mai ban haushi. Saitunan da kamfani ya zuba a ciki kuma kada ka dogara dasu, an cika musu kaya don su burge a shago. Gina naka guda uku: tsabtatacce, mai ɗan ƙura-ƙura, da na solo, ka jera su kusa da juna ka daidaita ƙararsu.

Mataki na biyar, mai saund. Ka gaishe shi tun kafin ka buɗe jaka, ka kira shi ustaz ko da ka girme shi, don duk abinda kayi a ƙarshe ta hannunsa zai bi. In da makirufo za'a ɗauka, Shure SM57 ne aka saba dashi, in babu SM58 ma yana yi. Haska tocilan ɗin waya ta cikin ragar amfilifaya ka gano inda lasifikar take da gaske, ba koyaushe take tsakiyar akwati ba. Saka makirufo dab da raga, yatsa biyu tsakani, daidai inda ƙaramin murfin tsakiya ya haɗu da takardar lasifikar. In ya yi kaifi matsa shi gefe, in ya yi duhu matso tsakiya, santimita biyu ma suna canza abu, ka gwada wannan kafin a taɓa miksa. Rataya makirufo ta saman akwati yana lilo da kansa a ƙasa, wanda ake yawan yi, gefensa ne yake kallon lasifika, in babu sanda babu yadda za'a yi amma ba shine daidai ba.

In babu amfilifaya sam, daga na'urarka ka shiga akwatin DI, ƙaramin akwati mai daidaita sauti ya dace da miksa, sannan kebul ɗin XLR irin na makirufo zuwa miksa, in gurnani ya taso akwai maɓallin GROUND LIFT a jikin DI ɗin, wannan shine halastaccen wajen da ake yanke at na sauti ba filogin wuta ba. Gita tsirara kuwa kada a cusa ta ramin layin miksa, ita tana son mashiga mai om miliyan ɗaya ramin miksa kuma yawanci wajen dubu goma ne, sautin zai fito a shaƙe ba ƙarfi. Ka ce masa ya danna maka LOW CUT, ya saita gen ɗinka da saitin solo wanda ya fi ƙara yadda jar fitila bazata kama ba.

Mataki na shida, gwaji tare. Ganguna ko ridim na org su fara, sai bes, sai org, sai kai, sai murya. Ku ɗauki waƙar da tafi zafi a daren ku yi rabinta. In kebul ɗinka ya kai fita gaban lasifiku ka ji da kunnenka, in bai kai ba tura wanda ka yarda da kunnensa, ba wanda zai ce maka tamam don kunya ba. Da zarar an daidaita kada ka ƙara taɓa MASTER, in kana son sama ko ƙasa yi da maɓallin jikin gita: 7 lokacin da fannan yake waƙa, 10 lokacin lazma. In baka jin kanka ka nemi a ƙara maka a monita, lasifikar da take kallon 'yan kiɗa, ko ka ƙara karkato amfilifayar. Mutane in sun cika fili jikinsu da tobe-tobensu suna shanye kaifin sauti, don haka in a gwaji ka ji tirebul ya ɗan yi yawa kaɗan barshi haka. Kunnenka ma ka tausaya masa, desibel 85 awa takwas ake iya ɗauka, duk ƙarin 3 lokacin yana rabewa biyu, gaban lasifikar hafla kuwa ya wuce nan nesa, abun toshe kunne na soso ba tsada gare shi ba.

In gurnani ya ƙi tafiya, rage muryar gita zuwa sifiri. In ya ɗauke, fikof ne yake kwasowa daga fitilu ko inji ko cajar waya, juya jikinka a hankali zaka samu kusurwar da yake raguwa, a yawancin Stratocaster na yanzu kuma matsayi na 2 da na 4 suna kashe shi. In bai ɗauke ba matsalar tana layin fedal ko wuta. In kuka ne mai tsini, matsa daga gaban amfilifaya ka rage gen. In kuma sauti ya ɗauke ɗif ana tsakiyar waƙa kada ka tsuguna kana laluben fedal ɗaya-ɗaya mutane suna kallonka, zare kebul daga fedal na farko ka cusa shi kai tsaye a amfilifaya ka ƙarasa waƙar, in an tsaya sai ka bi ƙananan kebul ɗin tsakani, kusan koyaushe ɗayansu ne ko kuma adafta ce ta zame.

In wuta ta ɗauke ko za'a koma kan inji, hannunka ya fara zuwa makashin amfilifaya, kada ka kunna sai wutar ta dawo ta zauna. Zafi ma yana motsa igiya, gitar da ta sha rana a bayan raksha ka barta ta huce a inuwa kafin ka gyara ta, ka kuma sake dubawa bayan waƙa biyun farko. A jaka kada a rasa kebul ɗin gita na biyu, ƙananan kebul biyu, batir mai bolt 9, fiyus irin na amfilifayarka daidai lambarsa ba wanda aka naɗe da waya ba, saitin igiya, salatif, tocila da adaftar filogi, tunda soket ɗinmu wani mai rami zagaye ne wani mai faɗi. Lokacin habub, wato guguwar ƙura, kuma in an tashi ka goge fedaloli ka saka su a jaka mai zif, amfilifaya ka barta ta huce sannan ka rufe ta da zane, maɓallin da ya fara ƙarar yashi in ana murɗa shi a fesa masa maganin wanke mahaɗar lantarki a murɗa shi sau da yawa, banda man inji.